Sai Babban Baƙo Ya Zo

Zanzaro ya yi gini a ramin kwaɗon. Na lura da shi ne ranar da na fara aiki, ina wucewa ta gaban sabon ginin zan tafi ofishin malamai. Ɗan dunƙulen jar laka ya toshe inda makulli zai shiga, ya bushe har ya tsage. Kwaɗon babba ne, irin na shagon hatsi. Na wuce abina.

Makarantar ba baƙuwata ba ce. A nan na yi sakandare kafin na tafi jami'a a Zariya na karanta Kemistiri. Da na dawo gida babu aiki, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauke ni ina taimakawa. Makarantar tana bakin gari, inda gidaje ke ƙarewa gonakin rake su fara. Da can ita kaɗai ce a wurin, yanzu gari ya biyo ta har ya kusa haɗiye ta. Ba ta da katanga. 'Yan acaɓa na ratsa tsakiyarta don yanke hanya, awakin unguwa kuma sun san azuzuwan da suka fi inuwa.

Ɗalibanta sun haura dubu biyu, ko da yake babu wanda ya taɓa ganinsu duka a rana guda. Manyan azuzuwa na zuwa da safe, ƙanana da rana, don ɗakuna ba sa isa. Idan aka buga ƙarfen tashi, wani tsohon wilin tirela da ke rataye a darbejiya, masu fita da masu shiga kan haɗu a tsakar fili kamar kasuwa ta ci. Yara na zuwa daga cikin gari da ƙauyukan kewaye, wasu a ƙafa, wasu a keke. 'Yan nesa, irin 'yan Paki da Furana, a gidajen dangi suke zaune. A aji ɗaya za ka tarar da yara fiye da ɗari, na gaba a benci, na tsakiya a kan bulo, na baya a tsaye ko a bakin taga. Malami na magana na gaba su ji, na tsakiya su kwafa daga na gaba, na baya su ci rake. Ranar kasuwar Makarfi rabin maza ba sa zuwa. Lokacin ɗiban tumatir ma haka. Damina na faɗuwa kuwa, filin ƙwallo kan koma gonar masara, a ce ai na ɗan lokaci ne.

Kowane jerin azuzuwa da sunan da yara suka laƙa masa. Akwai Tsohon Gari, wanda aka gina da dutse tun zamanin iyayenmu. Akwai Rariya, saboda rufinsa. Akwai Kurkuku, da aka toshe tagoginsa da bulo bayan an sace ƙyamarensu. Sabon ginin mai kwaɗo kuwa Ɗakin Amarya suke ce masa.

Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ne, wato lab. Wata ƙungiya ce ta gina shi bayan na bar makarantar. Aka yi masa shuɗin fenti, aka sa tagogin gilashi, babbar mota ta kawo kwalaye aka jera a kan tebura. Aka ce babban baƙo zai zo daga Kaduna ya yanke kyalle, sannan a fara aiki. Kafin ranar ta zo aka canja wa baƙon wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya sa rana, aka yi masa rasuwa. Daga nan aka shiga zaɓe. Shekaru suka yi ta wucewa, yara na leƙa kwalayen ta taga a hanyarsu ta zuwa sayen awara.

Makullin yana aljihun Firinsifal, Alhaji Maiwada. Ba mugun mutum ba ne. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tashi, kuma ban taɓa jin an ce ya ɗauki ko tsinken makaranta ba. Mutum ne mai tsoron Allah, mai tsoron na sama da shi. Duk wanda ya yi masa maganar lab, amsarsa ɗaya ce: amana ce, kuma ba a cin tuwon baƙo kafin baƙo ya iso.

Wanda ya fi kowa yi masa maganar shi ne Malam Jumare, malamin Kemistiri, mutumin Taba ta wajen Kudan. Kullum daga can yake zuwa a kan wani tsohon mashin. Shi ya koyar da ni. Babu wanda ya kai shi iya zana buret a allo, wannan dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa da ake awon ruwa da shi. Yakan zana ta har da layukan jikinta, har da ɗigon da ke shirin faɗowa. Na san ta a allo kamar fuskar ƙanwata. Amma ranar da aka miƙo mini ta gaske a jami'a, a juye na riƙe ta, 'yan ajinmu suka yi ta dariya.

A jarrabawar fita akwai ranar gwaji da hannu. Ana ba kowane yaro ruwa iri biyu, asid da kishiyarsa. Zai zuba ɗaya a buret, ya riƙa ɗiga shi cikin ɗayan har launi ya juya, sai ya rubuta adadin da ya ci. Malamin makaranta shi ma yana yin nasa tun kafin ranar, kuma da adadinsa ake auna na yara. A makarantarmu abin da aka saba shi ne a aro buret biyu ko uku daga wata makaranta a Ikara, a kafa su gaban aji don idon mai sa ido, sannan a rubuta adadin malam a gefen allo kowa ya kwafa. Taimako ake kiran abin. Malam Jumare bai taɓa rubutawa da hannunsa ba. Yakan faɗa wa Firinsifal adadin a ofis don dole, ya je ya zauna gindin darbejiya har a gama. Wani ne ke rubutawa.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe a aiki. Abu ɗaya yake so kafin ya ajiye alli: aji ɗaya, ko sau ɗaya ne, su yi gwajin da hannunsu, su rubuta abin da idonsu ya gani. Kowa a ofishin malamai ya san haka, shi ya sa Malam Sagiru, malamin labarin ƙasa, ba ya barinsa ya sha ruwa.

"Ango, ka sha ƙamshi!" in ji shi wata safiya. "Yaya amaryar? Har yanzu ba a sayi baki ba?"

"Ana nan ana sha'ani."

"Wallahi ban taɓa ganin angon da ya yi furfura a ƙofar ɗaki ba sai kai."

Malam Jumare ya rataye hularsa a ƙusa. "Kai da kake koya wa yara teku, ka taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gidanku?"

"Ni ai ban ce sai na kai su sun yi iyo ba. Na zana, sun haddace, kowa ya huta."

Aka yi dariya. Malam Jumare ma ya yi, ya ɗauki jakarsa, ya ce mini, "'Yata, ɗauko bokitin nan mu tafi."

A bayan Kurkuku akwai wani mangwaro. A nan yake tara 'yan ajin ƙarshe masu kimiyya. Kayan aikinsa sirinji ne da ya saya a kyamis, da tsofaffin kwalaben magani, da jiƙon zoɓo, da ruwan lemun tsami, da ruwan kanwa. A zuba zoɓo a lemun tsami ya yi ja wur. A riƙa ɗiga ruwan kanwa da sirinji, ɗigo ɗigo, har jan ya mutu ya koma duhu mai ɗan kore. Yakan ce musu babu wani abin tsoro a ciki, abin da iyayensu mata ke yi ne kullum idan za su kashe tsamin yakuwa, sai dai su ba sa rubuta adadi.

Yawancin yaran wasa suka ɗauki abin. Wasu ma shanye zoɓon suke yi idan ya juya baya. Amma akwai Zaituna, 'yar Furana da ke zaune wajen gwaggonta a cikin gari. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, hannunta ba ya rawa ko kaɗan. Ta taɓa gaya mini, ba tare da ta kalle ni ba, cewa karatun haɗa magunguna take so.

"Malam, ya juya," in ji ta ranar.

"Ya juya ne, ko kin gaji kin ce ya juya?"

Ta ɗaga kwalbar sama, ta saita ta da hasken da ke ratsowa ta ganye. "Ya juya. Ɗigon ƙarshen ne ya juya shi."

"Sake yi."

Ta sake, ta sami adadi ɗaya. Ta kuma sakewa, bai canja ba. Malam Jumare ya dube ni ta saman tabarau, na ga kumatunsa sun motsa.

"Malam, na gasken ma haka yake?"

"Na gasken ya fi sauƙi. Famfo ne kawai za ki murɗa a hankali."

"Yaushe za mu taɓa shi?"

"Kafin jarrabawa, in Allah Ya yarda."

Wani yaro daga baya ya ce, "Haka aka ce wa yayana." Aka fashe da dariya, Malam ya yi kamar bai ji ba.

Cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai labari ya zo cewa wannan karon da gaske ne, babban baƙo yana tafe. Aka dakatar da karatu. Maza suka yi ta noman ciyawa da shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Mata suka yi ta shara, ana koya musu waƙar maraba. Maigadi ya tsokale ginin zanzaron da tsinken tsintsiya, ya ɗiga wa kwaɗon man gyaɗa har ya yarda ya buɗu. Aka zaɓi 'yan mata su share lab ɗin, Firinsifal na tsaye a kansu. A asambili ya ɗaga yatsa ya ce kayan da ke ciki na gwamnati ne, duk wanda ya taɓa zai gane kurensa, wanda ya fasa kuwa ba shi ba ganin sakamakonsa har abada. Ya maimaita, ya sa suka amsa da ƙarfi cewa sun ji.

Ranar, tun da hantsi aka jera yara a rana daga bakin titi har ƙofar lab. Aka ɗaure kore da farin kyalle a ƙofar, aka ɗora almakashi a faranti. Malam Jumare ya sa farin yadi sabo. Azahar ta yi, aka yi sallah bi da bi don kada layi ya watse. 'Yan mata biyu suka faɗi, aka kai su inuwa ana yi musu fifita. Duk motar da ta rage gudu a titi sai a fara waƙa, sai a ga ashe mai ɗaukar rake ce. Dab da la'asar wayar Firinsifal ta yi ƙara. Ya cire hula, ya rusuna kamar mai kiran yana ganinsa, yana ta "To, ranka ya daɗe. Babu komai, ranka ya daɗe." An kira baƙon wani taro ne na gaggawa. Za a sake sa rana.

Malam Sagiru ya matso kusa da Malam Jumare. "Ango, a yi haƙuri. Dangin amarya sun ce lefe bai cika ba."

Wannan karon Malam Jumare ko waiwayarsa bai yi ba. Yana kallon Firinsifal yana kwance kyallen, yana naɗe shi da kyau don wani lokacin, yana mayar da kwaɗo.

Washegari Malam Jumare ya ce in raka shi ofishin Firinsifal. Muka gaisa da Firinsifal, aka tambayi gida da iyali da gajiyar jiya da zafi, aka yi fatan Allah Ya kawo damina lafiya. Sannan Malam Jumare ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, jarrabawa ta ƙarato."

"Na sani, Malam."

"Yaran nan ba su taɓa riƙe komai ba sai sirinji."

"An ce bayan Sallah baƙon zai zo."

"Bayan Sallah sun gama jarrabawa, ni ma na tafi."

Firinsifal ya shiga juya biro a hannunsa. Ban san inda na sami murya ba, na ce, "Yallaɓai, ko kwali ɗaya ne a buɗe. Ni zan wanke, in mayar yadda yake."

Ya dube ni da tausayi, ba da fushi ba. "Malama Khairat, ke yarinya ce. Kin san abin da ya tayar da wanda ya riga ni a kujerar nan? Kwamfutoci aka kawo, ya ji tausayin yara ya buɗe kafin a ƙaddamar. Ɗaya ta ƙone. Da baƙi suka zo babu wanda ya tambayi yara nawa suka koya, ƙonanniyar aka tambaya. Yanzu yana wani ƙauye da ko mashin ba ya shiga da damina. Ni ma saura kaɗan in huta. Ku bar ni in miƙa amanar mutane yadda aka ba ni."

Malam Jumare ya miƙe a hankali. "To ranka ya daɗe, ka yafe ni. Bana ba zan je Ikara aro ba. Kuma ba zan faɗi adadi ba, ko a ofis ko a waje. In an buɗe, yara su yi. In ba a buɗe ba, ka san abin da za ka gaya wa mai sa ido."

"Haba Malam. Ni za ka ɗaure?"

"Ba kai ba ne, ranka ya daɗe."

Muka fito. A baranda na ce masa, "Malam, in bai buɗe ba fa?"

"Zai buɗe. Tsoron mai sa ido zai fi tsoron baƙon da ba ya zuwa."

Gaskiyarsa, amma bai yi zaton Firinsifal zai ja abin har ranar ƙarshe ba. Kullum Malam Jumare kan tsaya a ƙofar ofis ya gaishe shi, Firinsifal ya amsa da fara'a, babu wanda ke tada maganar. Kowannensu yana jiran ɗayan ya gaji. Malam ya je Zariya ya sayo ruwan gwajin, ya yi nasa awon a wajen wani abokinsa malami, ya riƙe adadin a kansa. Yara suka ci gaba da zoɓo a gindin mangwaro. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, maza suka fara raguwa saboda shuka.

Safiyar jarrabawar, gari a jiƙe, mai sa ido ta sauka daga acaɓa, wata mata mai jaka da ƙaton agogo. Ta gaisa a gaggauce ta ce a nuna mata inda za a yi. Firinsifal ya dubi Malam Jumare, Malam Jumare ya dubi ƙasa. Can sai Firinsifal ya sa hannu a aljihu.

Ɗakin yana warin fenti da zafin da ya daɗe a rufe. Gara ta cinye gindin kwalayen, amma gilasan na nan garau, kowace buret a naɗe cikin takarda. Famfunan wanke hannu ba a taɓa haɗa su da ruwa ba, sai bokitai aka ɗebo daga rijiya. Muka fara ɗauraya ni da Malam, muna kafawa. Nan muka gane cewa ƙananan famfunan buret ɗin da yawa sun kafe, shekarun zafi sun manne gilashi da gilashi. Malam ya aika aka karɓo ruwan ɗumi wajen mai shayi, na ciro man shafawa daga jakata. Muna jiƙawa, muna murɗawa a hankali, muna shafawa. Wasu suka saki. Mai sa ido tana ta duba agogo, ta ce ita lokaci aka ba ta, a shigo da rukunin farko. Ba mu gama bi ta kan duka ba.

Firinsifal ya tsaya a bakin ƙofa, yana tare yaran kafin su shiga. "Kun dai tuna abin da na gaya muku. Wallahi duk wanda ya fasa, ya fasa rayuwarsa. Ku shiga a hankali."

Suka shigo kamar masu shiga gidan makoki. Wasu sun cire takalma a ƙofa ba tare da an ce su cire ba. Kowa ya tsaya gaban nasa kayan, hannuwa a baya. Shekara da shekaru suna leƙen ɗakin nan ta taga, yau ga su a ciki, ko teburin babu wanda ya jingina da shi.

"Ku fara," in ji mai sa ido.

Babu wanda ya motsa. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

"Bisimilla, ku fara mana," in ji Malam Jumare. "Zoɓo ne da kanwa. Babu bambanci."

Zaituna ce ta fara fito da hannunta. Ta ɗauki kwalbar asid, ta ɗora mazurari, ta zuba a buret, ta sunkuya ta daidaita idonta da layi yadda aka koya mata. Na kusa da ita suka saci kallo suka yi yadda ta yi. A hankali ɗakin ya fara motsi, gilashi na taɓa gilashi. Malam Jumare ya tafi can ƙarshen ɗaki wajen wani yaro da ya riƙe mazurari a juye. Na ga ƙeyarsa kawai, amma na san yadda fuskarsa take.

Zaituna ta kai hannu ga ɗan famfon ta murɗa. Bai motsa ba. Ta sake. Ta ɗaga kai tana neman Malam, yana nesa. Ni ce kusa, tsakaninmu tebur biyu, na fara ratsowa ta cikin yara. Ta sa hannu biyu.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya karan dawa. Buret ɗin ta rabu daga ƙasa, ruwan ya malale a tebur yana zuba ƙasa, jini ya fito a babban yatsanta.

"Innalillahi!" Firinsifal ya dafe kai daga bakin ƙofa. "Kayan gwamnati! Na faɗa! Ai na faɗa!"

Kafin ya rufe baki duk hannayen sun koma baya. Wani yaro da ya riga ya fara ɗigawa ya saki famfonsa a buɗe ya ja da baya, ruwan na ta zuba, yana kallo ya kasa rufewa. Na ja Zaituna wajen bokiti na wanke mata hannu, na ɗaure yatsan da gefen gyalena. Yankan ba mai zurfi ba ne. Na dawo da ita gaban teburinta, hannunta a cikin nawa.

Mai sa ido ta dubi agogo, ta dubi yaran. Ta ciro wayarta, duk da ba ta yi ƙara ba, ta kara a kunne ta fita baranda ta juya mana baya. Kowa a ɗakin ya san ma'anar haka.

Firinsifal ya matso kusa da Malam Jumare, ya rage murya. "Malam, don girman Allah. Ka ga dai. Yaran nan ba su yi maka laifi ba. Ga wasu rukunai a waje suna jira."

Malam Jumare bai kalle shi ba. Ya je ya ciro wata buret daga cikin waɗanda ya saki da hannunsa, ya murɗa famfon gaba da baya don kowa ya ga yana juyawa, ya kawo ya kafa a gaban Zaituna. Ya share teburin da hannun rigarsa.

"Ga wata. Wannan lafiyarta lau. Waccan ba laifinki ba ne, ni ne ban duba ba."

Ta dubi buret ɗin. Ta dubi Firinsifal.

"Zaituna, sau nawa kika yi a gindin mangwaro? Ɗauki kwalbar."

Ta zare hannunta daga nawa ta mayar baya. Idonta ya ciko, ba ta ɗago ba.

"Malam," ta ce, da ƙyar ake jin ta, "don Allah ka faɗa mana kawai."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya kalli sauran, layi bayan layi, duk kawuna a ƙasa. Yaron can har yanzu ruwansa na ɗiga a ƙasa. Malam ya je ya rufe masa famfon.

A gaban ɗakin akwai allo sabo, baƙi wuluk, ko ɗigon alli bai taɓa hawa kansa ba. Malam Jumare ya laluba aljihun rigarsa ya ciro guntun alli. Ya rubuta adadin a tsakiya, manya-manya, da kyakkyawan rubutun nan nasa, yadda na can baya ma zai gani ba sai ya kwafa daga na gaba ba. Nan take ɗakin ya cika da ƙarar takardu da birai. Zaituna ma ta sunkuya, tana riƙe da biro a karkace saboda ɗaurin yatsanta. Firinsifal ya sauke ajiyar zuciya, ya tsuguna yana tsince fasassun gilasan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hankicinsa.

Malam Jumare ya ajiye allin a gefen tebur, ya kakkaɓe yatsunsa. Ya bi ta bayan yara ya fita, ya wuce mai sa ido, ya ratsa rukunin da ke jira a baranda, suna gaishe shi yana ɗaga musu hannu. Ta taga na hango shi ya shiga ofishin malamai ya fito da jakarsa. Bai tayar da mashin ɗin ba. Turawa ya yi ta cikin laka, ta gefen sabuwar shukar masara, har ya hau titi.